Goɗiyar da Ba Ta Gajiya

A watan Disamba na 2016, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon dawaki, wato folo, ta Ajantina da ake bugawa a unguwar Palermo cikin birnin Buenos Aires, ƙungiyar La Dolfina ta doke Ellerstina da ci 16 da 12. Nasarar ba ta ba kowa mamaki ba, domin shekara ta huɗu ke nan a jere La Dolfina tana ɗaukar kofin. Abin da ya kai labarin wasan har ƙasashen da ba su taɓa ganin sandar folo ba shi ne goɗiyar da jagoran ƙungiyar, Adolfo Cambiaso, ya yi ta hawa. Sunanta Cuartetera. Ta shiga fili ta yi gudu har kumfa ta rufe mata wuya, aka fitar da ita. Jim kaɗan sai ga Cambiaso ya dawo bisa wata goɗiya busasshiya, babu ko ɗigon gumi a jikinta, aka ce Cuartetera ce. Aka sake, aka kuma sakewa, har shida. Ga shi kuma Cuartetera da duniyar folo ta sani an haife ta ne a 2001, wato a lokacin ta kai shekara 15.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin folo na Kaduna ko na Katsina ya ga yadda doki ke fitowa bayan 'yan mintuna, haƙarƙari na sama da ƙasa, hanci a buɗe, zai ce wannan labari akwai lauje cikin naɗi. Kuma yana da gaskiya. Sai dai ba ƙarya aka yi ba, ba kuma maguɗi ba. Kafin a gane abin da ya faru, sai an fara gane abin da wannan gasa take nema daga jikin doki.

Filin folo ya kai mita 274 a tsawo, faɗinsa kuma kusan mita 146, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa biyar in an haɗa su. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Kowa da hannun dama yake riƙe sanda, ko da bahago ne, don kada mahaya biyu su yi gaba da gaba su gwabza. Da zarar an ci ƙwallo sai a sauya gida, saboda kada rana ko iska su zama na ɓangare ɗaya. An kasa wasan kashi-kashi, kowane kashi ana ce masa cuka, tsawonsa kimanin minti bakwai. Minti bakwai ba komai ba ne ga mai zaune a rumfa. Ga doki kuwa, minti bakwai ne na sukuwa iya ƙarfi, da tsayawa cak, da juyawa a kan ƙafafun baya, da kafaɗa da kafaɗa da wani dokin don ture shi daga layin ƙwallo, sannan a sake tashi da gudu. Shi ya sa ake sauya doki bayan kowace cuka, kuma dokokin wasan a ƙasashe da dama sun iyakance yawan cukar da doki ɗaya zai buga a rana.

A yawancin wurare cuka huɗu zuwa shida ake yi. Manyan gasannin Ingila da na Amurka shida suke bugawa. A Palermo takwas ne, kusan awa guda ta gudu tsantsa, kuma saurin wasan ya kai inda ɗan wasa ba ya jiran ƙarshen cuka. Yakan ruga gefen fili a tsakiyarta, inda mai kula da dawakinsa ke tsaye riƙe da wani da sirdi a ɗaure, ya tsallaka daga wannan sirdi zuwa wancan ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka kowane ɗan wasa yakan zo wasan ƙarshe da dawaki goma ko fiye. To a nan lissafin ya fito fili: komai kyan doki, rabonsa a wasan bai wuce 'yan mintuna ba. Sauran lokacin dole maigidansa ya hau waɗanda ba su kai shi ba. Wannan ita ce damuwar kowane babban ɗan wasa tun da aka fara gasar, kuma ita ce bakin zaren.

Gasar kuwa ta daɗe. Sojojin Ingila da masu gonakin shayi sun tarar da wasan ne a wajen mutanen Manipur da ke arewa maso gabashin Indiya a tsakiyar ƙarni na 19, suka kai shi gida, kulob ɗin Hurlingham na Landan ya rubuta masa dokoki. Turawan Ingila da suka je Ajantina kiwon shanu da tumaki da shimfiɗa layin dogo su suka tafi da shi can a shekarun 1870. Suka tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya iya ganinka, ciyawa ko'ina, dawaki kuma araha. A 1893 aka buga gasar farko, kulob ɗin Hurlingham na Buenos Aires, mai sunan na Landan, ya lashe ta. A lokacin wasan Turawa ne zalla, har sunan gasar da Turanci yake. Amma tun ba a je ko'ina ba 'yan ƙasa suka nuna abin da ke tafe: a 1895 da 1896 ƙungiyar Las Petacas, wadda yawancin 'yan wasanta makiyaya ne da suka tashi a bayan doki, ita ta ɗauki kofi.

A 1922 aka kafa hukumar folo ta ƙasar, kuma a shekarar ne wata tawagar Ajantina ta je Ingila ta ci, ta wuce Amurka ta lashe babbar gasarsu. Zinaren Olamfik ya biyo baya a Faris a 1924, sannan a Balin a 1936. Daga 1928 gasar ta zauna a filin Palermo, a tsakiyar birni, dogayen gine-gine na kallonta, kuma can take har yau, ana yin ta a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da sanyi ya wuce a wancan ɓangaren duniya. Ita ce ta ƙarshe kuma mafi girma a jerin gasanni uku da suke kira kambi uku, bayan ta Tortugas da ta Hurlingham. Ana raba ƙungiyoyi rukuni biyu, kowace ta kara da 'yan rukuninta, zakarun rukunan su haɗu a wasan ƙarshe. A 2016 ƙungiyoyi takwas ne, daga baya aka mai da su goma.

Akwai wani abu a tsarin gasar da ya fi yawan cuka muhimmanci. A folo kowane ɗan wasa yana da maki na ƙwarewa da hukuma ke ba shi, wanda 'yan wasa ke kira handikaf, kuma ƙololuwarsa 10. Masu 10 a duk duniya ba safai suke wuce goma ba a lokaci ɗaya, kusan dukansu 'yan Ajantina. A sauran ƙasashe ana sa wa ƙungiya iyaka. Manyan gasannin Ingila, alal misali, ba sa barin jimillar makin mutum huɗu ta wuce 22, don haka attajirin da ya kafa ƙungiya yakan ɗauko gwanaye biyu, ya cike da matashi ɗaya, shi kuma ya shiga na huɗu. A ƙananan gasanni ma har kyautar ƙwallaye ake ba ƙungiyar da ta fi rauni kafin a fara. Palermo ba ta san wannan ba. Buɗaɗɗiya ce, sunanta ma ke nan: babu iyaka a sama, babu kyautar ƙwallo, kowa daga sifili yake farawa. Ƙungiya tana iya tara masu 10 har huɗu ta zama mai maki 40. Coronel Suárez ce ta fara kai wa nan a tsakiyar shekarun 1970, da 'yan'uwa biyu na gidan Harriott da biyu na gidan Heguy, kuma Juan Carlos Harriott shi kaɗai ya ɗauki kofin sau 20. La Dolfina ta 2016 ma 40 ce cif: Cambiaso, da David Stirling ɗan ƙasar Uruguwai, da Pablo Mac Donough, da Juan Martín Nero. Abokan karawarsu na Ellerstina, 'yan gidan Pieres, su ma suna dab da hakan.

Idan mutum takwas suka shiga fili kowanne gwanin gwanaye, hannu bai fi hannu ba, ido bai fi ido ba, me ya rage ya raba gardama? Abin da ke ƙarƙashin sirdi. 'Yan wasan da kansu sukan ce kashi 70 cikin 100 na wasan ko fiye doki ne. Wanda ya riga kai wa ƙwallo da taku ɗaya shi ke da layi, wanda ke da layi shi ke da bugu. Saboda haka gasar da mutane ke kallo a Disamba rabin gasar ce. Ɗaya rabin ana yin sa ne shekara da shekaru a barga da makiyaya, tsakanin masu kiwo.

To mu koma kan goɗiyarmu. Zato na farko da zai zo wa mutum shi ne suna ne kawai aka maimaita. Akwai dalilin yin wannan zato, domin a Ajantina kowane gidan kiwo yana liƙa sunansa a gaban sunan dokinsa. Na gidan Cambiaso da Dolfina suke farawa, na Ellerstina da Open. Amma wannan sunan gida ne. Cuartetera sunan yanka ne na goɗiya guda, cikakken sunanta Dolfina Cuartetera, 'yar wani ingarma Sportivo da goɗiya Lambada, wadda ta sha karɓar kyautar dokin da ya fi fice a wasan ƙarshe na Palermo. Babu mai kiwon da zai ɗauki sunan irin wannan dabba ya raba wa wasu shida don ado. Sannan akwai wata alama a jerin sunayen dawakin: bayan sunan kowace akwai harafin B da lamba. Ba a raɗa musu suna ba, ƙirga su aka yi.

Zato na biyu ya fi ƙarfi: 'ya'yanta ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mai karatu da ya san kiwo zai ce wannan ma ba ta yiwuwa, tunda goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa, kuma wadda ke fili tana aiki ba ta da lokacin ciki. Wannan matsala ce ta gaske a folo, domin yawancin fitattun dawakinsa mata ne. (Abin zai yi wa Bahaushe banbaraƙwai, mu da hawan sallah sai ingarma, goɗiya kuwa a bar ta can ƙauye wajen haihuwa. 'Yan folo sun fi son goɗiya, suna cewa ta fi zuciya da saurin ɗaukar horo.) Kafin a gane goɗiya gwana ce ta kai shekara shida ko bakwai, kafin ta ajiye aiki ta tsufa, sai ta haifi 'yan kaɗan.

Masu kiwon Ajantina sun daɗe da samo hanyar kewaye wannan, tun wajen shekarun 1990. Ana ba goɗiya ciki, bayan kwana bakwai ko takwas likitan dabbobi ya wanko ɗan tayin daga mahaifarta tun yana ɗan ƙanƙanin da ido da ƙyar yake gani, ya dasa shi a mahaifar wata goɗiyar da ba ta da aikin yi sai renon ciki. Gwanar ta koma fili, wata ta haifar mata. Ta haka goɗiya ɗaya take samun dukushi da yawa a shekara guda. Don haka samun 'ya'yan Cuartetera shida ba abu ne mai wuya ba. Inda zaton ya rushe shi ne, ɗa rabin uwa ne rabin uba, kuma rabin da zai ɗauka daga kowannensu ba a hannun kowa yake ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya fito da gudu babu natsuwa, wancan da natsuwa babu gudu. Mai kiwo yakan haifar da gommai kafin ya sami ɗaya da zai taka filin Palermo. Ban da haka, 'ya'yan Cuartetera suna da sunayensu na kansu. Waɗannan shida kuwa sunanta suke amsawa.

Amsar tana can baya da shekara goma, a wannan fili dai. A wasan ƙarshe na 2006, La Dolfina da La Aguada suka yi kunnen doki har aka shiga ƙarin lokaci. Cambiaso yana bisa ingarmansa Aiken Cura, wanda yake ji da shi fiye da kowane doki a lokacin, sai dokin ya karye a ƙafar gaba. La Dolfina ta ci wasan, amma dokin bai tashi ba. An yi ta fama a ceto shi, daga baya dole aka sallama shi. Kafin nan Cambiaso ya sa likita ya yanki ɗan guntun fatarsa a daskarar a ajiye. A lokacin babu wanda zai iya ce masa ga ranar da wannan ajiya za ta yi amfani.

Amma ba a duhu ya yi harbin ba. A 1996 masana a cibiyar Roslin da ke Sikotlan sun samar da tunkiyar nan Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya babba, ba tare da rago ba. A 2003 aka yi wa dangin doki: alfadari a jihar Idaho ta Amurka, sannan 'yan makonni bayansa wata 'yar dukusa mai suna Prometea a garin Cremona na Italiya, a ɗakin binciken Cesare Galli. Manomi zai fi kowa saurin fahimtar abin. In ka shuka ƙwallon mangwaro, abin da zai fito sai ka gani, yana iya yin zaƙin uwarsa, yana iya fitowa da tsami da zare. In kuwa ka yanko reshen bishiyar da kake so ka aura shi a kan wani dashe, 'ya'yan da zai ba ka su ne na bishiyar farko, babu ragi babu ƙari.

A dabba ga yadda ake yi. Kowace ƙwayar halitta ta jiki, har ta fata, tana ɗauke da cikakken tsarin gadon dabbar a cibiyarta. Sai a samo ƙwan wata goɗiya daban, a zuƙe cibiyarsa a bar shi fanko, a sa masa ƙwayar fatar dokin da ake so. A ɗan ratsa shi da wutar lantarki, su haɗe, ƙwan ya fara rabuwa kamar an ba shi ciki. Bayan mako guda a ɗakin bincike a dasa shi a mahaifar goɗiyar reno. Yawancinsu ba sa kamawa, wasu cikin ya zube, shi ya sa abin yake da tsada. Wanda ya kai ga haihuwa kuwa ba ɗa ba ne, ba ƙane ba ne. Kwafi ne, tagwai ɗin dokin farko da ya zo duniya a makare da shekaru. Kuma a lura: kashin ƙarshe na aikin, wato dashen tayi da garken goɗiyoyin reno da likitocin da hannunsu ya faɗa, duk Ajantina ta riga ta tanade su tun shekaru ashirin kafin nan. Abin da ya rage kawai ɗakin bincike.

Wani attajiri ɗan jihar Texas, Alan Meeker, shi ya kawo wannan. Ya haɗa gwiwa da Cambiaso a ƙarƙashin kamfanin Crestview Genetics, aka fara da fitattun dawakinsa. Ajiyar Aiken Cura ta yi rana, an haifi kwafinsa. Amma wadda aka fi zuba wa ƙarfi ita ce Cuartetera, wadda tana raye tana kan ganiyarta. A 2010 aka haifi kwafinta na farko, kuma a ƙarshen shekarar aka kai ɗaya gwanjo a Buenos Aires tana 'yar wata uku. Dala 800,000 aka saye ta, kuɗin da ba a taɓa jin an biya wa dokin folo a gwanjo ba, a kan dabbar da ko linzami ba ta sani ba.

Saura tambayar lokaci: me ya sa sai 2016? Lissafin barga ne. Dukushi ba a fara hora shi sai ya shekara biyu zuwa uku. Daga nan a saba masa da sanda tana wucewa ta gefen idonsa, da ƙwallo, da gogayya da wasu dawaki, sannan ƙananan wasanni, sannan matsakaita. Ba ya isa Palermo sai ya kai biyar ko shida. A 2013 Cambiaso ya gwada ruwa, ya shiga gasar bisa Show Me, kwafin wata goɗiyar Amurka mai suna Sage. Waɗanda aka fara haifa a 2010 kuwa, 2016 ita ce shekarar da suka nuna. Ga amsar ke nan: goɗiyoyi shida ne, jiki shida, huhu shida, ƙafafu ashirin da huɗu, gado ɗaya. Cambiaso bai sa doki ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya ɗauki 'yan mintunan da tsarin gasar ya yarje wa gwanarsa ne ya ninka su shida.

Da wannan ta warware sai wata ta taso. Yaya aka yi hukuma ta bari? A tseren dawaki na jinsin Thoroughbred, wanda ake zuba kuɗi fiye da folo nesa ba kusa ba, ko dashen tayi ba a yarda da shi ba, balle kwafi. Dole ingarma ya hau goɗiya, in ba haka ba ba za a rubuta ɗan a littafin asali ba, wanda ba ya cikin littafin kuma ba ya tsere. Folo bai taɓa zama haka ba. Ƙa'ida ɗaya da ya taɓa sa wa doki mai ƙarfi ita ce ta tsayi, ita ma an soke ta a 1919. Tun daga nan wasan bai tambayi doki waye ubansa ba. Wannan sakaci, ko in ce wannan hikima, ita ta ba masu kiwon Ajantina damar haɗa dokinsu na gida mai juriya, wanda suke kira criollo, da Thoroughbred mai gudu, har suka fitar da irin da yau ake saye a ko'ina, har da bargunan Kaduna da Kano da Legas. Ƙofar da aka bari a buɗe don haɗa iri, ta nan dashen tayi ya shiga, ta nan kwafi ya biyo. Ba a yi wata doka don halatta shi ba. Babu dai wadda ta hana.

Mai karatu Musulmi zai so ya ji matsayin malamai. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, bayan fitowar labarin Dolly, ta haramta yin kwafin ɗan Adam, ta kuma yarda da amfani da fasahar a tsirrai da dabbobi matuƙar akwai maslaha kuma an kauce wa cutarwa. Ko wasan attajirai ya shiga cikin maslaha, wannan na bar wa masu ilimin.

Abin da ni ya fi ɗaukar mini hankali shi ne tambayar ƙarshe: shin da gaske shidan nan Cuartetera ce? Kama da wane ba wane ba ne. Ko a ido ma akwai bambanci. Farin goshi da farin ƙafa ba sa fitowa iri ɗaya a kwafi, domin ƙwayoyin da ke ba fata launi tafiya suke yi a jikin tayi yana cikin mahaifa, kuma inda za su tsaya ba gado kaɗai ke yanke shi ba. Kowace mahaifa daban ta kwanta, nono daban ta sha, kuma ƙwan da aka yi amfani da shi yana barin ɗan abin da ya bari. Sannan babu kwafin da aka haifa da sanin folo. Shekarun da aka ɗauka ana koya wa uwar ɗakinsu tsayawa da juyawa, sai da aka sake ɗaukar su a kan kowace, ɗaya bayan ɗaya, a hannun masu horo da 'yan bargar da ba a jin sunansu a rediyo.

Duk da haka, a ganina masu cewa abin talla ce kawai ba su yi adalci ba. Abin da kwafi ya sayar wa Cambiaso shi ne ragin caca. Maimakon ya hora dukushi hamsin yana fatan ɗaya ta fito, ya hora 'yan kaɗan da ya riga ya san ƙirarsu, da tsawon takunsu, da irin bakinsu a linzami. Ga mutumin da ke sauya doki a tsakiyar gudu, kuma dole hannunsa ya daidaita da sabon doki kafin ƙwallo ta iso, hawa shida da suke amsa linzami kusan iri ɗaya ba ƙaramar riba ba ce. Filin ma ya ba da shaida, domin daga baya kyautar dokin da ya fi fice a wasan ƙarshe, wadda Cuartetera ta sha ɗauka, ta faɗa hannun kwafinta.

La Dolfina ta riƙe kofin shekara takwas a jere, daga 2013 zuwa 2020. Wanda zai ce kwafi ne ya yi wannan aiki sai ya tuna cewa uku na farko an ci su ne kafin shidan su nuna, kuma mutum huɗun da ke kan sirdi makinsu 40 ne ko dab da haka. A 2021 La Natividad ta ƙwace kofin, kuma jagororinta Bartolomé da Camilo Castagnola 'ya'yan 'yar'uwar Cambiaso ne. Shekara ta gaba Cambiaso ya sake karɓe shi, wannan karon da ɗansa Poroto a cikin ƙungiya. Zuwa lokacin kwafi ya daina zama abin kallo a Palermo. Wasu ɗakunan bincike sun buɗe a ƙasar, abokan hamayya ma sun shiga layi da nasu gwanayen. Ita kuwa Cuartetera ta asali ta mutu a 2023.

Inda hukumar folon Ajantina ta taka birki shi ne mataki na gaba. A ƙarshen 2024 kamfanin Kheiron Biotech ya samar da dukushi biyar, kwafin wata shahararriyar goɗiya mai suna Polo Pureza, amma da ƙari: an taɓa tsarin gadonsu da fasahar CRISPR a wurin da ke da alaƙa da girman tsoka, da nufin su fi ta asalin saurin tashi. Waɗannan hukumar ta hana su shiga gasa.